Wanda Ya Rame a Gidan Mai Sikeli

In ka ba mutum abin da kai da bakinka ka ce ba komai ba ne, ka ciyar da shi ko ba ka ciyar da shi ba? Wanda ya ce an ciyar, sai ya faɗi da me. Wanda ya ce ba a ciyar ba, sai ya faɗi mene ne a cikin kwanon, tunda kwano a cike yake har yana zuba. Na juya tambayar nan ta kowace fuska, ban samo mata kai ba. A gidan Mai Sikeli kuwa sati goma aka yi ana aiki da amsoshin biyu lokaci guda, kuma a jikin Gwaggo abin ya ƙare.

Mai Sikeli shekara talatin ya yi yana auna buhuna a ɗakin ajiyar wani kamfani kafin ya yi ritaya. Wata Litinin ya dawo daga asibiti fuska a murtuke, ya tara mutanen gidan a falo. Mutanen gidan biyu ne: matarsa Malama, mai koyarwa a firamare, da yayarsa da kowa ke kira Gwaggo, wadda ke zaune a ɗakin baya tun rasuwar mijinta. Ita kaɗai ke kiransa Auta, don ita ta goya shi.

Ya ce, "Likita ya auna ni, kilo ɗari da sha huɗu. Ya ce ko in rage ƙiba, ko hawan jini ya rage min kwana."

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Ɗari da sha huɗu? Kai kaɗai, Auta, ko har da takalmi?"

Bai kula ta ba. Ya kira 'yarsu Nas, wadda ke aiki a wani gari, ya buɗe muryar wayar kowa na ji. Nas ta jero dokoki kamar mai karanta takardar magani. A ƙirga kalori, wato ƙarfin da ke cikin kowane abinci. Kar ya wuce dubu ɗaya da ɗari takwas a rana. A kawar da duk abin da zai ja ransa. Kowa a gidan ya taya shi.

"To kayan lambu fa?" in ji shi. "Su ma a ƙirga su?"

"Baba, kabeji da kokwamba da karas ai ba wani abin kirki a cikinsu. Kar ka wahalar da kanka. Ci ka ƙoshi."

Washegari da hantsi ya sa aka kwashe shinkafa da taliya da gari da sukari da jarkar mai, aka loda a mota, ya kai wa tsoffin abokan aikinsa kyauta. Gwaggo tana tsaye a ƙofar kicin tana kallon buhun shinkafa yana fita a kafaɗar mutum, kamar ana fita da gawar ɗan'uwa. A madadinsu sai ga ƙullin kabeji goma sha biyu, da tulin karas, da kokwamba jere a firij kamar sojoji.

Tsarin gidan ya koma haka. Da safe shayi ba sukari, da dafaffen ƙwai ɗaya. Da rana ɗanyen kayan lambu cike da kwano. Da yamma wani kwanon, da yankan ƙirjin kaza da aka dafa a ruwa tsura, aka auna shi a ɗan ma'aunin kicin, ya bushe ya yi tauri kamar tafin takalmi.

Haƙoran Gwaggo biyar ne, kuma babu biyun da ke kallon juna.

Sai maganar awo. Mai Sikeli bai yarda da sikelin asibiti ba, ya ce na jarirai ne. Yana da nasa, wani tsohon sikelin buhu mai faffaɗan faranti na ƙarfe, da kamfani ya ba shi kyautar sallama. A lungun bayan kicin yake, kusa da tankin ruwa. Ranar Asabar ya goge shi, ya ɗiga masa mai, ya kira su.

"Sikelin nan yana da hali," ya ce. "Ba ya faɗin gaskiya sai kaya sun haura kilo ɗari biyu. Malama, hau."

Suka hau su biyu. Allurar ta tsaya kaɗan ƙasa da ɗari biyu, tana rawa.

"Bai ji ba. Yaya, zo ki cika."

Gwaggo ta hau, ta maƙale a gefe tana riƙe da rigarsa. Allurar ta haye, ta tsaya cak. Ya sauka ya ɗauko katunan asibitinsu na bara. Malama kilo tamanin, Gwaggo hamsin da biyu. Ya haɗa, ya rubuta ɗari da talatin da biyu da alli a bango, ya ja layi biyu a ƙasa.

"A aikinmu, in za ka san nauyin hatsi, sai ka cire nauyin buhu. Nauyin buhu kuwa sau ɗaya ake ɗauka, ba ya canzawa. Duk Asabar mu hau mu uku, in cire wannan, abin da ya rage ni ne. Ku ne buhun."

Malama ta ce, "Mu ne me?"

"Maganar aiki ce, ba zagi ba."

Asabar ta gaba allurar ta sauka kilo ɗaya. Mai Sikeli ya yi tsalle har farantin ya yi ƙara, ya kira Nas yana haki. Gwaggo ma ta taya shi murna, ta sa masa albarka, sannan ta koma ɗaki ta zauna, don kanta na ɗan juyawa.

A sati na biyu ta gwada magana. Ta same shi a falo yana tauna kokwamba da ƙarfi kamar mai fushi da ita.

"Auta, da za a ɗan dafa karas ɗin nan, ko ya yi laushi."

"Dafuwa tana kashe amfaninsa, Yaya. Kuma in aka ɗora tukunya, sai a ce a ɗan sa mai. Cokali ɗaya na mai kalori ɗari da ashirin ne."

"To ni ai likita bai ce in rame ba."

"Ke kin fi kowa sa'a a gidan nan! Abin da ba a ƙirgawa kike ci. Ba komai ba ne. Ci kwano goma, babu mai hana ki."

"Yunwa nake ji, Auta."

Ya ajiye kokwambar, ya dube ta da mamaki na gaske. "Yunwa? Wancan katon kwanon fa? Wa ya ci shi? Haba Yaya, kar wani ya ji ya ce ba a ba ki abinci a gidana."

Ta koma ta zauna da kwanonta a cinya, tana tunanin yadda kabeji ɗaya yake zama ba komai ba a falo, ya zama abinci a ɗakin baya, alhali taku takwas ne tsakaninsu. Ta koyi tsotsar kokwamba ta tofar da ɓawon. Ta koyi ajiye rabin ƙwan safe a ƙarƙashin kofi, don ta samu abin dubawa da la'asar. Naman kazar kuwa sai ta sa shi a kunci ta bar shi can ya jiƙa, kamar mai shan alewa.

Shi Mai Sikeli a sati na uku ya fara tattaki, don Nas ta ce motsa jiki na taimakawa. Ƙarfe biyar na yamma ya fita da takalmin gudu, shida da rabi ya dawo. Abin da Gwaggo ta lura da shi, ba gumi yake dawowa da shi ba, ƙyallin leɓe ne. Kuma ƙamshin da ke biyo shi, hancin mai yunwa ba ya kuskurensa.

Wata rana ta tare shi a ƙofa. "Auta, warin suya nake ji a rigarka."

Ya yi gyaran murya. "Akwai wani mai soya dankali a ƙarshen layi. Nakan tsaya mu gaisa."

"Gaisuwar ce ta shafa maka mai a gemu?"

"Yaya, dankali a ina ake shuka shi? A lambu. To mene ne shi? Kayan lambu. Kin ji da kunnenki abin da Nas ta ce."

"Man fa?"

"Na gyaɗa ne. Gyaɗa tsiro ce."

"Wannan tsinken da ke leƙowa daga aljihunka, shi ma dankali aka soke da shi?"

Ya tura tsinken ciki. "Saniya me take ci tun daga haihuwa har yanka? Ciyawa. In kin duba da idon basira, saniya ganye ce mai ƙafa huɗu."

Gwaggo ta haɗiye yawu. Ba gardama take nema ba. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "To gobe ka taho min da ganyen nan kaɗan. Mai laushi."

"Kai, ina! Doka ce, ba a shigo da shi gida. In ya shigo gida ya zama abincin gida, dole a ƙirga. Ki zo mu je tare mana."

Ya san gwiwoyinta ko bakin titi ba sa kai ta.

Ta juya wajen Malama. Malama tana fita bakwai na safe ta dawo uku, kuma ko sau ɗaya ba a ji ta yi kukan yunwa ba, don a ɗakin malamai kullum akwai mai buɗe kula. In ta dawo sai ta ɗauki ganyen latas biyu ta tauna a gaban mijinta, ta ce ta ƙoshi, ya yaba mata juriya.

"Wallahi Yaya kina cikin raina," in ji Malama, tana cire takalmi. "Gobe zan taho miki da wani abu. Sai dai kin san halin ɗan'uwanki, har jakata yake shinshinawa. Ni me zan yi? In na yi magana ya ce so nake jininsa ya hau in gāji gida."

Goben ta zo ta wuce, jibi ma haka. A sati na biyar ta tuna. Ta shigo ɗakin baya tana waiwaye, ta zaro wani abu daga cikin mayafi ta damƙa mata a hannu. Tuffa ce, koriya shar, mai tauri kamar dutse.

Zanin Gwaggo ya fara zagaye ta har da saura. Zobenta ya sille ya faɗa cikin kwanon kabeji, sai da ta tona ta same shi. In ta tashi tsaye sai ta jira ɗakin ya gama juyawa kafin ta ɗaga ƙafa. Duk Asabar kuma ta hau sikeli, allurar ta ƙara sauka, Auta ya daki ciki ya ce, "Kun gani? Ni kaina ina jin na yi sakayau." Bel ɗin wandonsa dai yana nan a ramin da yake, amma ya ce fata ce ta tsufa ta ƙanƙance.

A sati na bakwai yunwa ta sa ta yi wa karas ƙarfin hali. Ta ji ƙas. Ta tofa a tafin hannu, sai ga haƙori. Ta kai masa falo, ta buɗe hannun kawai.

Ya duba, ya girgiza kai da tausayi. Sai ya karɓa ya shiga kicin, ya ɗora shi a ɗan ma'aunin, ya dawo fuska a sake.

"Kwantar da hankalinki, Yaya. Ko giram biyu bai kai ba. Ba zai ɓata mana lissafi ba."

Tagar kicin ɗin gidan tana kallon tagar kicin ɗin maƙwabta, tsakaninsu ɗan lungu ne da hannu zai iya ƙetarewa. Matar Direba ce a can, mace mai murya kamar lasifika, wadda ba ta iya riƙe labari ko na minti biyar. Wata rana da azahar Gwaggo na tsaye tana wanke kokwamba, tururin shinkafa ya ƙetaro lungun ya shige mata hanci, har sai da ta dafa bango.

"Gwaggo!" in ji Matar Direba. "Lafiya kuwa? Kin koma kamar maratayin kaya! Ciwo kika yi?"

"Lafiya lau. Tsufa ne."

"Wane irin tsufa ne na wata biyu? Tsaya." Ta juya, ta dawo da faranti shaƙe da shinkafa, miya na malala a kai, ta miƙo ta taga. "Ungo. Ta yi laushi luguf, ko jariri zai ci."

Hannun Gwaggo ya ɗaga da kansa. Ta bi shi da ɗayan ta mayar. In ta karɓi farantin nan, kafin magariba duk layin ya ji cewa Mai Sikeli ya bar yayarsa da yunwa har maƙwabta na ciyar da ita. Yaron da ta goya, ta share wa majina, ta tauna wa abinci ta sa masa a baki. A nuna shi da yatsa a kan titi?

"Na gode, 'yata. Yanzu na tashi daga kan abinci. Cikina har ya yi min nauyi."

Ta rufe tagar, ta tsaya a bayanta tana shaƙar abin da ya rage na ƙamshin. Da Nas ta kira da yamma ta ce, "Gwaggona, kina cin abinci dai ko?" sai ta ce, "Kwano a cike, 'yar nan. Kullum kwano a cike." Ba ta yi ƙarya ba, kuma wannan ne ya fi ci mata rai.

A Asabar ta goma Nas ta iso da safe ba sanarwa, da jaka a kafaɗa. Lissafin bango ya nuna Baba ya rage kilo shida, don haka ta zo da tukwici: sabon wando, lamba biyu ƙasa da nasa. Ya shiga ɗaki da shi yana washe baki. Aka ji nishi. Aka ji wani nishin. Ya fito da wandon a cinya, ya ƙi wucewa, yana tafiya kamar ɗan tsako.

"Telolin yanzu ba su da amana," ya ce.

A lokacin Gwaggo ta fito daga ɗakin baya tana bin bango. Nas ta juya za ta rungume ta, sai ta tsaya da hannuwa a buɗe.

"Gwaggo? Ina sauranki?"

Ta zaro ɗan sikeli daga jakarta ta ajiye a tsakar falo. Ta kama hannun Gwaggo ta ɗora ta. Arba'in da uku. Ta ce uwarta ta hau. Tamanin da ɗaya. Malama ta ce ai da ɗankunne ta hau. Mai Sikeli ya ce shi ba zai hau abin wasan yara ba, amma wandon ya ɗaure masa ƙafafu ba halin gudu, Nas ta tura shi. Ɗari da sha shida.

Nas ta ƙirga a yatsu. "Gwaggo ta zubar da tara. Baba ya ƙara biyu, Mama ta ƙara ɗaya. Kilo shidan da kake min waya a kai, Baba, duk daga jikin Gwaggo ka yanke su, har ta biya muku uku a kai."

"Ba zai yiwu ba," in ji shi. "Buhu ba ya rama. Shekara talatin ban taɓa ganin buhun da ya rame ba."

"Gwaggo buhu ce?"

"Ke fa kika ce kar a ƙirga kayan lambu!"

"Kabeji na ce! Me kake ci a waje?"

"Kayan lambu."

Malama ta ce, "Har da mai ƙaho."

"Ke kuma ki yi shiru, mai ɗakin malamai!"

Gwaggo ta samu kujera ta zauna. Zuciyarta ta ɗan yi sanyi. An gani. Ba ita ta faɗa ba, sikeli ne ya faɗa. Yanzu wani zai tashi ya fita ya sayo ko da burodi ne.

Ta ce, "To yanzu me za a ci?"

Ba wanda ya ji. Nas ta buɗe waya tana nuna wa uban cewa dankali daban, kabeji daban, kuma a gaskiya wasu masana sun ce gara a ƙirga komai, har latas, don kar ido ya yaudari mutum. Mai Sikeli ya yi caraf ya ce ashe ita ma ba ta da tabbas, ta jefa shi a duhu. Nas ta ce wasu masanan kuma sun ce ƙirga ganye ɓata lokaci ne. Ya ce to a tsaya a kan ɗaya. Malama ta ce ita tun farko ta san za a yi haka, ta dai yi shiru ne don zaman lafiya, kuma a tambayi Yaya in ba ta kawo mata tuffa ba.

"Na ce me za a ci?"

"Yanzu, Gwaggo, yanzu," in ji Nas, ba ta ɗago ba. "Bari mu gama wannan, saboda ke ake yi. Dole in tsara miki jadawalin ƙara ƙiba, a hankali, ba a yi da gaggawa. Baba, albasa ma tana da kalori."

"Albasa? To tumatir fa?"

Aka koma kan tumatir. Agogon bango ya buga ɗaya. Mutum uku masu ƙoshi suna tsaye a kan tsohuwa mai haƙori huɗu, kowa na rantsuwa shi ya fi damuwa da ita, kowa da hujjarsa mai kyau, kuma babu wanda hujjarsa ta kai shi bakin murhu. Gwaggo ta dubi Auta, wando a cinya, jijiyar wuya a tashe, yana kare mutuncin tumatir. Sati goma tana rufa masa asiri da naman jikinta. Ta duba hannuwanta, ta ga babu sauran abin rufawa.

Ta tashi. Ta jira falon ya gama juyawa. Ta bi bango har kicin, ta ture ƙullin kabeji daga bakin taga, ta buɗe ta gaba ɗaya.

"Matar Direba! Kina ciki?"

"Ina nan, Gwaggo!"

"Shinkafar nan taki mai laushi, akwai?"

"Yanzu na sauke!"

Muryar ta cika gidan har falo. Gardama ta tsaya. Mai Sikeli ya taho da tsalle-tsalle, yana riƙe da wando. "Yaya! Yaya, don Allah rufe tagar nan. Matar nan fa duk layi za ta gaya wa!"

"Cika farantin, 'yata," in ji Gwaggo, ba ta waiwayo ba. "Ki sa miya da yawa. In an tambaye ki, ki faɗi yadda kika gani."

Ta miƙa hannu biyu ta karɓa.